Ƙofar Ɗakin Yaya

Ranar da ƙungiyar ma'aikatan gidan waya ta ci nasara, da lemon kwalba Sakatare ya shigo gida, har da na Yaya. Ya tsaya a tsakiyar falo ko takalmi bai cire ba, yana ba da labari da hannu da ƙafa. An rage musu awannin aiki, an kuma yarda kowa ya zaɓi aikin safe ko na yamma, in ya so ya yi musanya da abokin aikinsa. Shi ne sakataren ƙungiyar a reshensu, shi ya sa sunan ya biyo shi har gida. Aikinsa yana ɗakin baya, inda ake tantance wasiƙu. Matarsa kuwa a kantar gaba take zama, tana sayar da kan sarki tana auna kaya a sikeli. Yaya har yau Amarya take kiranta, duk da 'ya'yanta mata biyu.

"Yaya, kin san ma'anar wannan?" in ji Sakatare. "Yanzu ne za mu san gidanmu. Yara su san iyayensu."

"Allah ya sa albarka," in ji Yaya. "Sai ka cire takalmin, yanzu na goge wurin."

Aka yi dariya, har da ita. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba take zaune a ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, kuma a bayanta aka goyi yaran gidan duka biyu. Ta yi murna da gaske a ranar, don ta san yadda ƙanenta yake dawowa idanu jajur, yatsu duk tawada.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne, mutanen nan biyu ba su taɓa ganin gidansu da hantsi ba. Sun san shi da sassafe suna gudu, sun san shi da yamma an share an dafa an yi wa yara wanka. Abin da ke tsakani kuwa, a tunaninsu, da kansa yake faruwa.

A makon farko Amarya ta dawo rana tsaka ta tarar da Yaya zaune a kan kujera, ta ɗora ƙafa a kan matashi. An gama wanki, yana kan igiya yana ɗiga. Tukunya tana kan wuta. Amma idon Amarya bai ga igiya ba, ƙafar ya gani.

"Sannu da hutawa, Yaya," ta ce, tana ajiye jaka. "Ashe haka gidan yake da daɗi idan ba ma nan."

Da murmushi ta faɗa, don haka ba abin da za a riƙe. Yaya ta sauke ƙafar, ta ja zane ta rufe ta har ƙasa.

Akwai dalilin ɗora ƙafar. Bakin bokitin ƙarfe ne ya karce ta a saman idon sawu, ɗan karce da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma ya ƙi warkewa. Ya buɗe baki, yana ruwa, gefensa ya yi baƙi. Kullum idan gida ya yi shiru takan dafa ruwa ta zuba gishiri, ta gasa wurin, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, ta ɗaga ƙafar kafin lokacin ɗauko Auta daga makaranta. Ta yi niyyar nuna wa ƙanenta. Tana jiran ranar da za ta same shi shi kaɗai ne, sai ta ji abin da ya sa ta haɗiye maganar.

Tana wanke-wanke a bayan taga, su kuma suna shan shayi a falo.

"Ni dai ina tambaya ne kawai," in ji Amarya. "Yanzu da kai kake safe ni nake yamma, ko mu juya, me Yaya take yi mana takamaimai? Ga babbar nan ta girma, ko wurin ajiye teburin karatu ba ta da shi."

"Ki bar maganar nan yanzu," in ji Sakatare.

Bai ce a bar ta har abada ba. Yaya ta tsaya da kofi a hannu, ruwan famfo yana zuba a banza. Idan da lafiyarta ma ana tambayar amfaninta, to yaya za a yi da ita idan aka ga ƙafar? Ba ta da wani ɗaki a duniya sai wannan. A nan ta yanke shawara, ba wanda zai ga ciwon nan sai ya warke.

Daga ranar ta daina zama. Matsalar sabon tsarin, a wajen Yaya, ita ce ba shi da lokaci. Da can idan ƙofar gida ta rufu da safe, ta san ba za ta sake buɗuwa ba sai yamma. Yanzu Amarya takan fita da kayan aiki, ta dawo kafin shara ta ƙare, wai ta yi musanya. Takan ce sai la'asar, ta ɓullo da azahar. Har ta koyi murɗa makulli a hankali, ta cire takalmi tun daga waje. Sau nawa Yaya tana juyowa ta gan ta tsaye a bakin kicin, ba sallama, tana kallo.

Sai Yaya ta zama kullum a tsaye, da tsintsiya ko da tsumman goge-goge a hannu, ko da babu abin gogewa. Ta goge tagar da ta goge jiya. Ta sauke tukwane ta sake jera su. Ƙafar ta kumbura har silifa ta daina shiga, sai ta yanke igiyar ta ɗaure da zare. Gashin ciwon kuwa ya koma cikin ɗakinta, a gurguje, ƙofa a rufe da sakata.

Sakatar nan ita ta fara tsone wa Amarya ido.

"Yaya, me ake yi a ciki ne da rana tsaka?"

"Kaya nake sauyawa."

"Kullum?"

"Tsufa ne, Amarya. Mutum ya yi ta zufa."

Hannun Amarya sikeli ne, shekaru tana ɗaga kayan mutane a kantar gidan waya ta faɗi nauyinsu kafin allura ta tsaya. Ta ɗaga ledar gishiri ta jinjina, ta dubi Yaya, ta ajiye. Washegari ta sake jinjinawa. Ba ta ce an sata ba, cewa ta yi, "Ikon Allah, gidan nan muna cin gishiri kamar shanu." Bayan kwana biyu kabad ɗin kayan abinci ya sami kwaɗo, makullin yana cikin jakarta. Yaya da ta ciyar da gidan tun babbar yarinyar tana zanen goyo, yanzu sai an auno mata a murfin kwalba.

Tsummokaranta suka ƙare, don ba ta da inda za ta shanya su ba a gani ba. A ƙasan kwandon wanki akwai wani tsohon zanen gado na masu gidan, ya koɗe ya yage, an daɗe da daina shimfiɗa shi. Ta yayyaga shi tana ɗaure ƙafa. Da ciwon ya fara wari, sai ta riƙa kunna turare a ɗakin. Maƙwabciyarsu mai ɗinki, ita kaɗai ta san zancen, ta sayo mata man shafawa a kemis ta miƙo mata ta kan katanga, a naɗe cikin takarda.

"Yaya, wannan ba na gida ba ne, na asibiti ne," ta ce da ƙaramar murya. "Ki faɗa wa ƙanenki mana."

"Zan faɗa. Bari ya ɗan kame tukuna."

Ta juyo, sai ga Amarya a bakin ƙofar baya, takalmi a hannu.

Gishiri yana ɓacewa, ga turare, ga ƙofa a rufe, ga ƙunshi ta kan katanga ana raɗa. Da Amarya ta tsinci wani yanki na zanen gadonta a bayan ɗakin Yaya, sai lissafinta ya cika. Ta kai wa mijinta a tafin hannu.

"Zanen da muke kwana a kai ne. Ka tambaye ta wurin wa take kai shi. Ni dama na daɗe ina jin jikina ba daidai ba, kai ma ka ga yadda muke faɗa kwanan nan ba dalili."

Faɗan nasu yana da dalili, mutane biyu ne da ba su saba ganin juna da rana ba. Amma wa zai tsaya duba wannan, ga Yaya a kusa?

Sakatare ya same ta a kicin tana yanka albasa. Ya daɗe yana buɗe firiji yana rufewa kafin ya yi magana.

"Yaya, ni ban ce kin yi komai ba."

"To me aka ce na yi?"

"Ba a ce ba. Kawai dai kin san halin mata. Hankalinta ne bai kwanta ba. Da za ki riƙa barin ƙofar a buɗe, ai shi ke nan."

"Ni da na yi maka wanka, yau ni za a ce in bar ƙofa a buɗe a ga abin da nake yi?"

"Don zaman lafiya ne, Yaya. Ni ina tsakiya. Can a wurin aiki rigima, nan ma rigima?"

Ta dube shi. Mutumin da ya tsaya gaban manyan ofis ya buga tebur a kan haƙƙin masu raba wasiƙa, ga shi ya kasa haɗa ido da ita, yana karanta rubutun jikin gwangwanin madara. Ta so ta ɗaga zanen a take ta nuna masa. Sai ta tuna teburin karatu, ta ci gaba da yanka albasa, ta bar albasar ta ɗauki laifin hawayen.

Abin da ya biyo baya ya fi kwaɗon ciwo. Aka hana yara shiga ɗakinta. Auta, wadda ba ta yin barcin rana sai a kan katifar Gwaggo, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana murza ido.

"Gwaggo, Mama ta ce kar in ci abu daga hannunki sai ta gani."

"To ki bi maganar Mamanki, kin ji?"

"Me kika yi?"

"Ban yi komai ba, uwata. Je ki kwanta a falo."

Amarya ta karɓi girkin yara da na mijinta, ta bar wa Yaya shara da wanki da wanke-wanke, duk ayyukan tsayuwa. Idan Yaya ta kawo ruwan sha, sai a ajiye shi a gefe har ya huce, a zubar a tukunyar fure. Idan ta shigo falo, hira takan mutu. Ita ma ta koyi zargi. Motsi kaɗan a waje sai ta miƙe zumbur ta rarumi tsintsiya, ashe akuyar maƙwabta ce take soshe-soshe a jikin ƙofa. Ta riƙa karantar fuskokinsu da safe, tana neman gane wa zai dawo da wuri yau. Ɗauko Auta daga makaranta kaɗai ya rage mata a cikin abin da take so, shi ma sai ranar da Amarya ba ta ga dama ba. Takan tafi tana dafa katangun mutane, amma da ta hango lungunsu sai ta cije leɓe ta miƙe tafiyarta, kada wani ya ce ya ga tana ɗingishi.

Zazzaɓi ya fara zuwa mata da yamma. Ta rame, idanunta suka faɗa. Amarya ta lura, ta ce wa mijinta, yadda Yaya za ta ji, "Mai abu a zuci ai ba ya ƙiba."

Wata safiya suka fita tare, su biyu cikin kayan aiki, har Sakatare yana cewa yau akwai taro, kar a jira su. Yaya ta saurari takunsu har ya ɓace. Ta dafa ruwa, ta zuba ɗan gishirin da ta tara daga murfin kwalba, ta shiga ɗaki ta sa sakata. Ta kwance tsumman ke nan, ya manne da naman tana ɓamɓarewa a hankali, sai aka buga ƙofar.

"Yaya, buɗe." Muryar ƙanenta ce.

"Ina zuwa."

"Ka gani ko?" in ji Amarya. "Ɓoyewa take yi. In ba za ka iya ba, matsa ni in yi."

Sakatar ƙarama ce, kafaɗa ɗaya ta ishe ta. Ƙofar ta bugi bango, suka shigo cikin hayaƙin turare, suka tsaya. Babu layu, babu ƙulle-ƙulle. Tsohuwa ce zaune a bakin katifa, ƙafarta a cikin roba, ruwan ya yi ja, ciwon ya kai faɗin tafin hannu. Ga yankunan zanen gadon a gefe, an wanke su an ninke.

"Yaya!" in ji Sakatare, ya durƙusa. "Yaya, tun yaushe?"

Wani sanyi ya ratsa zuciyarta, duk da kunyar da ta rufe ta. Ta ce a ranta, shi ke nan, an gani, yanzu za su ji nauyin abin da suka zarge ta da shi. Ta jira kalma ɗaya ta ban haƙuri.

Amarya ta ja mayafi ta toshe hanci. "Da wannan ƙafar kika yi ta dafa mana abinci a kwanakin baya?"

"Da hannu nake dafawa, Amarya."

"Ga yara a gida! Ka ga abin da nake faɗa maka? Wanda ya iya ɓoye wannan, me ba zai ɓoye ba?"

Haka zargin ya sauya riga ba tare da ya fita daga ɗakin ba. Jiya laifinta tana yin asiri, yau laifinta ba ta faɗi ciwo ba. Ba wanda ya sake ambaton zanen gado.

Sun kai ta asibiti, wannan kam an yi. Nas ta wanke ciwon tana faɗa, ta ce wace irin tsayuwa ce aka bar baiwar Allah nan tana yi, ƙafar nan ba abin da take so sai a ɗaga ta a huta. Sakatare ya kama kalmar kamar an miƙo masa kyauta.

"Kin ji da kunnenki, Yaya. Hutu. A gidan nan kuwa ba za ki huta ba, na san halinki, sai kin taɓa wannan kin taɓa wancan. Gidan Inna ya fi. Shiru, ba yara, ba hayaniya."

Inna ƙanwar mahaifiyarsu ce, tana can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare, ta tsufa har ba ta gane mutane sai an faɗa mata suna. Wanda ya je gidanta jinya zai yi, ba jinyarsa za a yi ba. Yaya ta san wannan, shi ma ya sani.

"Idan na warke zan dawo?"

"Ki warke tukuna, Yaya. Komai lokaci ne."

A 'yan kwanakin da suka rage ba ta ga laifin kowa ba sai nata. Da ba ta ɓoye ba. Da ba ta taɓa zanen mutane ba. Da ta kula da bakin bokitin nan. Takan dubi ƙafar ta ce, ke kika fitar da ni daga gidan ƙanena. Har ta sami Amarya ta ce ta yafe mata tashin hankalin da ta jawo, Amarya ta ce ba komai, ai ya wuce.

Da hantsi aka zo ɗaukarta, yara suna makaranta. An ce gara haka, kada Auta ta yi kuka. Wani abokin aikin Sakatare, direban motar wasiƙu, shi ya kawo tasa motar ta gida. Kayan Yaya ba su cika but ɗin motar ba. Ta zauna a baya, ƙanenta a gaba, Amarya ta ɗaga hannu daga bakin ƙofa ta koma ciki tun motar ba ta juya ba.

Direba mutum ne mai surutu, kuma yana ganin girman Sakatare. Suna hawa babban titi ya dubi Yaya ta madubi.

"Yaya, kin yi dacen ƙane, wallahi. Da can wa ya isa ya sami safiya sukutum a tsakiyar mako don ya kai 'yar'uwarsa wani wuri? Shi ya ƙwato mana wannan. Ga shi da tsari. Kin san ranar musanya sai ka nema da wuri, to tun farkon watan jiya ya kama wannan safiyar, ya ce mini, Direba, ka riƙe mini motarka, zan mai da yayata gidan innarmu. Na ce an gama."

"Direba, kula da hanya," in ji Sakatare.

"Farkon watan jiya?" in ji Yaya.

"Ƙwarai kuwa. Ni ma a ranar na zaɓi yamma saboda shi."

Ko mako guda ba a yi ba da ɓalle ƙofarta. A farkon watan jiya ba a sa wa kabad kwaɗo ba, zanen gadon yana kwance lafiyarsa a ƙasan kwando, ko turare ba ta fara kunnawa ba. Ciwon ma a lokacin bai fi bakin kofi ba. Ashe an riga an tsai da rana, an nemi mota. Dalili ne kawai ba a samu ba, shi aka yi ta dawowa gida ana nema, takalmi a hannu. Ita kuma tana tsaye daga safe har yamma, tana goge tagar da ba ta da datti, tana kare ɗakin da aka riga aka bayar.

Ta dubi ƙeyar ƙanenta. Ya zuba wa titi ido kamar shi ne mai tuƙin. Ba ta ɗaga murya ba, don akwai baƙo a motar, kuma har yanzu ba ta son a ga wallensa.

"Da ka faɗa mini tun a lokacin," ta ce, "da na zauna. Da ƙafar nan ta warke."

Direba ya dubi Sakatare. Sakatare ya ɗaga hannu ya nuna gaba.

"Idan ka wuce gidan man can," ya ce, "sai ka yi hagu."